Booker T. Washington: Yaron Da Aka Yi Wa Kuɗi Dala 400 A Gindin Duwatsun Birjiniya

'Yan'uwa matasa maza da mata, a filinmu na tarihin mashahuran mutane yau za mu ƙetare teku zuwa Amurka, mu duba rayuwar Booker T. Washington, baƙar fata, Kirista, wanda aka haifa cikin bauta a 1856, ya rasu a 1915 yana shugaban babbar makaranta. Yawancinmu idan an ambaci bauta a Amurka, abin da ke faɗo mana a rai shi ne manyan gandayen auduga da rake, inda bayi ɗari ko fiye suke noma a ƙarƙashin bulala. To amma akwai wata bautar da ba a cika ba da labarinta ba, watau ta ƙananan gonaki a ƙasar duwatsu, inda ubangida da 'ya'yansa suke shiga gona tare da bayinsu. Har yanzu akwai masu cewa irin wannan bauta mai sauƙi ce, kusan zaman iyali ne. Da rayuwar wannan mutum za mu auna maganar tasu.

GUNDUMAR FRANKLIN

Gundumar Franklin tana jihar Birjiniya, a gindin jerin duwatsun da ake kira Blue Ridge. Ƙasa ce ta tuddai da kwazazzabai da jar ƙasa, ba ta da shimfiɗaɗɗen fili irin na bakin teku, saboda haka yawancin gonakinta ƙanana ne. Taba ita ce abin da ake nomawa don sayarwa, sai masara da alkama don ci. Duk da haka, ƙidayar 1860 ta nuna cewa a cikin mutum wajen 20,000 da ke gundumar, fiye da 6,000 bayi ne, watau kusan mutum ɗaya cikin uku. A wannan shekara Birjiniya tana da bayi kimanin 490,000, ta fi kowace jiha, Amurka duka kuwa tana da kusan miliyan 4.

Dokar da ta ɗaure bawa a babban gandu ita ce ta ɗaure shi a kan tudu. Tun 1662 Birjiniya ta kafa doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, in baiwa ce shi ma bawa ne, ko wane ne ubansa. A 1831 kuma aka hana tara baƙaƙe don koya musu karatu da rubutu. Sa'an nan tun da Amurka ta hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, sai Birjiniya ta zama mai sayar da nata bayin zuwa jihohin auduga na can kudu. Tsakanin 1790 da 1860 an kwashe mutum wajen miliyan ɗaya daga jihohin da ke sama zuwa can, wasu ta jirgin ruwa, wasu a ƙasa cikin sarƙa, ta hanyoyin da suka ratsa waɗannan duwatsu. Saboda haka bawan ƙaramar gona ya san cewa bashi ɗaya ko mutuwar ubangida ta isa a raba shi da uwarsa har abada.

HAIHUWA DA ƘURUCIYA

An haifi Booker a gonar wani manomin taba mai suna James Burroughs, kusa da wani ɗan ƙauye, Hale's Ford. Gonar eka 207 ce, bayin gidan kuwa wajen goma. Mahaifiyarsa, Jane, ita ce mai dafa abincin gidan. Mahaifinsa wani Bature ne na kusa da wurin, wanda bai taɓa karɓarsa a matsayin ɗa ba, shi ma yaron bai san sunansa ba. Ko shekarar haihuwarsa bai sani ba, ya yi ta zaton 1858 ce ko 1859. Daga baya ne aka tabbatar da ranar 5 ga Afrilu, 1856.

Ɗakin da ya tashi a ciki na gungumen itace ne, faɗinsa ƙafa 14, tsawonsa 16, ba daɓe, ba gilashi a taga, kuma shi ne madafar gidan gaba ɗaya. A tsakiyarsa akwai rami inda ake ajiye dankali. Shi da wansa John da ƙanwarsa Amanda a kan tsummoki suke kwana a ƙasa. Abinci kuwa ba a zaune ake cinsa tare ba, kowa ya tsinci abin da ya samu, yau gutsuren burodin masara, gobe ɗan madara. Rigar da ake ba yaran bayi ta zaren wata ciyawa ce mai kama da rama, sabuwarta tana sukar jiki kamar ƙaya, har wansa John yakan fara sa ta kwanaki don ta yi laushi kafin ya miƙa wa ƙanensa.

Tun yana ƙarami aka sa shi aiki. Yana kai wa masu noma ruwa, yana share tsakar gida, yana kora ƙuda a lokacin da iyayen gidan ke cin abinci. Kowane mako akan aza masa buhun masara a kan doki ya kai wurin niƙa, tafiyar mil uku. In buhun ya zame ya faɗi, ba shi da ƙarfin ɗaga shi, sai ya zauna a bakin hanya yana kuka har wani ya zo wucewa, ya dawo gida da dare ta cikin daji, ya tarar da faɗa ko duka. Akan kuma sa shi ya ɗauki littattafan 'yar ubangidansa ya raka ta har ƙofar makaranta. Yana hango yara a ciki suna karatu, shi kuwa iyakarsa bakin ƙofa.

Gaskiya ne Burroughs da 'ya'yansa maza suna aiki a gona kafaɗa da kafaɗa da bayi, suna dasa taba, suna cire mata tsutsa, suna yanka ta a kai rumbun ƙyafewa. Gaskiya ne kuma a wannan gida ne Booker ya ga an ɗaure kawunsa a jikin itace da sassafe, an tuɓe shi, an yi masa bulala da fatar saniya, abin da bai manta ba har girmansa. A 1861 Burroughs ya mutu, aka zo ƙidayar abin da ya bari. A takardar gadon, tare da dabbobi da kayan noma, aka rubuta yaro Booker, dala 400, mahaifiyarsa Jane kuma dala 250. Yaro ɗan shekara biyar ya fi uwarsa kuɗi, don shi aikinsa yana gaba, ita kuwa an riga an ci ƙarfinta. Duk mai cewa zaman iyali ne, sai ya gaya mana a wane gida ake sa wa ɗa farashi a takardar gado.

HAYAR BAYI DA GISHIRIN KANAWHA

Wata alama ta bautar ƙasar duwatsu ita ce ba da hayar bayi. Da yake ƙaramar gona ba ta da aikin da zai cinye ƙarfin kowa, sai ubangida ya ba da bawansa haya na shekara guda, daga sabuwar shekara zuwa Kirsimeti, ga masu gina hanyar jirgin ƙasa ko masu masana'anta. Kada a ɗauka wannan murgu ne, domin kuɗin hayar aljihun ubangida yake shiga. Mijin Jane, Washington Ferguson, bawan wani maƙwabci ne, kuma haka aka riƙa yi da shi, har iyalinsa ba su cika ganinsa ba sai sau ɗaya a shekara.

Ɗaya daga wuraren da suka fi cin bayin haya shi ne kwarin kogin Kanawha, can bayan duwatsu ta yamma. A nan ana haƙa rijiyoyin ruwan gishiri, a dafa ruwan da wutar kwal har ya ƙafe, a ɗura gishirin a ganguna, a tura shi ta kogi zuwa garuruwa irin su Cincinnati inda ake gishirta nama. A 1850 gundumar Kanawha tana da bayi fiye da 3,000, da yawansu suna aikin gishiri da haƙar kwal. Aikin yana da haɗari ƙwarai, ga tafasasshen ruwa, ga ruftawar rami, har wasu iyayengiji suna yi wa bayinsu inshora, don in bawa ya mutu su karɓi diyyar dukiyarsu.

'YANCI

Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861 tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, kuma bauta ita ce tushen rigimar. 'Ya'yan Burroughs sun shiga rundunar Kudu. Jane kuwa takan durƙusa da asuba a kan 'ya'yanta tana roƙon nasarar Arewa. Shugaba Lincoln ya yi shelar 'yanta bayin jihohin tawaye a ranar 1 ga Janairu, 1863, amma shelar ba ta yi aiki a Franklin ba sai da Kudu ta miƙa wuya a Afrilun 1865. Wata safiya aka tara bayin gidan a gaban ɗakin iyayengiji, wani baƙo ya karanta takarda, ya shaida musu cewa sun zama 'ya'ya. Jane ta sumbaci 'ya'yanta tana hawaye. Booker yana da shekara tara a lokacin.

Murna ba ta daɗe ba sai tunani ya biyo baya, domin ba su da gona, ba su da kuɗi, ba su iya karatu ba. Washington Ferguson ya riga ya gudu tun ana yaƙi zuwa Malden, garin gishiri a Kanawha, cikin sabuwar jihar Birjiniya ta Yamma wadda ta ɓalle a 1863. Ya aiko a kai masa iyali. Suka ɗora 'yan komatsansu a amalanke, yara suna tafiya a ƙasa, suka yi makonni suna ratsa duwatsu, suna kwana a daji.

A Malden aka sa Booker ɗura gishiri, wani lokaci tun ƙarfe huɗu na asuba. Kowane ma'aikaci yana da lambar da ake shafa wa gangunansa, ta mijin uwarsa ita ce 18, kuma ita ce rubutu na farko da yaron ya gane. Mahaifiyarsa, wadda ita kanta ba ta iya karatu ba, ta samo masa wani tsohon littafin koyon baƙi, ya koya wa kansa haruffa. Da aka buɗe makarantar baƙaƙe, inda iyaye suke karo-karo su biya malami, da ƙyar aka bar shi ya shiga, bisa sharaɗin ya yi aiki kafin makaranta da bayanta. Ranar da malami yake kiran suna, ya ji kowane yaro yana da suna biyu, shi kuwa ɗaya gare shi, sai ya ba kansa Washington. Daga baya ya ji cewa uwarsa ta raɗa masa Taliaferro tun yana jariri, shi ne harafin T da ke tsakiyar sunansa.

Daga gishiri aka mai da shi ramin kwal. A cikin duhun ramin ne ya ji wasu ma'aikata biyu suna hirar wata makaranta a Hampton, inda ɗan talaka zai iya biyan kuɗin abincinsa da aikin hannunsa. Kafin ya tafi ya yi aikin boyi a gidan Janar Lewis Ruffner, mai wurin gishirin da ramin kwal ɗin, a ƙarƙashin matarsa Viola, mace mai tsananin son tsabta da tsari, wadda yara da dama suka gudu suka bar ta. Shi ya daure, ita kuma ta ƙarfafa masa karatu.

HAMPTON DA TUSKEGEE

A 1872, yana ɗan shekara 16, ya kama hanyar Hampton, tafiyar mil wajen 500. A wani masauki cikin duwatsu aka hana shi ɗaki saboda launinsa, ya kwana yana zagaye cikin sanyi. A Richmond kuɗinsa ya ƙare, ya riƙa kwana a ƙarƙashin katakon gefen titi, da rana yana sauke ƙarfe daga jirgin ruwa. Ya isa Hampton da rabin dala a aljihu. A bakin wannan gari ne aka sauke Afirkawa na farko a Birjiniya a 1619. Shugabar malamai ta dube shi cikin dauɗar tafiya, ta ba shi tsintsiya ya share aji. Ya share sau uku, ya goge ƙura sau huɗu, ta duba ba ta sami datti ba, ta karɓe shi, kuma da aikin shara ya biya kuɗin zamansa. Mahaifiyarsa ta rasu a 1874. Ya gama a 1875, ya koma Malden yana koyar da yara da rana, manya da dare.

A 1881 jihar Alabama ta yarda a buɗe makarantar horon malamai baƙaƙe a garin Tuskegee, da dala 2,000 a shekara don albashi kawai, babu fili, babu gini. Shugaban Hampton, Janar Samuel Armstrong, ya ba da sunan Washington. Ranar 4 ga Yuli, 1881 ya fara da ɗalibai 30 a wata ruɓaɓɓiyar bukka kusa da coci. Aka ci bashi aka sayi tsohon gandu na eka 100 a kan dala 500. Ɗalibai da kansu suka sare daji, suka yi noma, suka toya tubali. Sau uku tanderun yana rushewa, har ya jinginar da agogonsa a kan dala 15 aka gwada na huɗu, ya yi kyau. Ra'ayinsa shi ne bauta ta sa aikin hannu ya zama abin kunya ga baƙi da fari, don haka dole a haɗa karatu da sana'a: noma, gini, kafinta, ɗinki, ƙira. Kafin rasuwarsa makarantar tana da ɗalibai wajen 1,500 da gine-gine fiye da 100. Da haɗin kan wani attajiri, Julius Rosenwald, ya soma shirin gina makarantun ƙauye, wanda zuwa 1932 ya kai kusan makarantu 5,000 a jihohi 15.

INDA AKA SABA DA SHI

Ba za mu yi adalci ba in muka kawo yabo kaɗai. A ranar 18 ga Satumba, 1895 ya yi jawabi a birnin Atlanta a gaban taron Turawa da baƙaƙe, inda ya nemi mutanensa su sa ƙarfi a kan sana'a da neman dukiya, su jinkirta neman daidaito a zamantakewa, su kuma Turawa su ba su aiki da ilimi. Turawan Kudu suka yi ta tafi. Amma a 1896 Kotun Ƙoli ta halatta wariyar launi, a 1901 Alabama ta yi sabon tsarin mulki da ya ƙwace ƙuri'ar kusan dukan baƙaƙe, kisan gilla kuma bai tsaya ba. A wannan shekara ta 1901 da Shugaba Roosevelt ya gayyace shi cin abinci a fadarsa, jaridun Kudu suka yi ca da zagi. A 1903 W. E. B. Du Bois ya fito fili ya soke shi, yana ganin mutanen da suka bar ƙuri'arsu da babban ilimi ba za su iya kare ko dukiyar da suka tara ba. Wannan Du Bois shi ne wanda ya dawo Gana a 1961 bisa gayyatar Kwame Nkrumah, ya rasu a 1963, kabarinsa yana unguwar Cantonments a Ankara, babban birninmu.

Bayan shekaru, da masana suka bincika takardunsa, sai aka tarar cewa a ɓoye Washington yana biyan lauyoyi su ƙalubalanci dokokin hana ƙuri'a, ya kuma tallafa wa shari'ar Alonzo Bailey, wadda a 1911 Kotun Ƙoli ta soke dokar Alabama mai tilasta wa mutum aiki saboda bashi. Mu a ganinmu, wannan hali na lallashi a fili da faɗa a ɓoye a gonar Burroughs ya samo asali. Wanda ya tashi a tsakar gida ɗaya da mai ikon sayar da uwarsa, dole ya koyi ɓoye abin da ke ransa. Wannan dabara ta gina Tuskegee a tsakiyar maƙiya, amma kuma ta ba masu wariya hujja, kuma Du Bois ya yi gaskiya a kan maganar ƙuri'a.

Hannunsa ya iso har maƙwabtanmu. A farkon 1901 mutum huɗu daga Tuskegee suka sauka Lome bisa gayyatar Jamusawa, suka buɗe gonar gwajin auduga a Tove kusa da Kpalime. Sun zo da niyyar koyar da noma, amma amfanin aikin ya koma ga masaƙun Jamus da mulkin mallakar da ke tilasta wa mutanen Togo aiki.

ƘARSHE

A 1908 ya koma Hale's Ford ziyara, ya tsaya a ƙasar da aka haife shi ya yi wa taron baƙi da fari jawabi. A 1915 ciwo ya kama shi a New York, ya nace a mai da shi gida, ya cika a Tuskegee ranar 14 ga Nuwamba yana da shekara 59, aka binne shi a harabar makarantar. A 1940 ya zama baƙar fata na farko da aka buga hotonsa a kan sarki na Amurka, a 1956 kuma gwamnati ta mai da gonar Burroughs wurin tarihi na ƙasa.

'Yan'uwa, gonar eka 207 da bayi goma ta hana wannan yaro sanin ubansa da ranar haihuwarsa, ta bar shi da suna ɗaya, ta tsayar da shi a ƙofar makaranta da littattafan wata a hannu. Babban gandu bai fi haka ƙwace wa yaro ba. Idan mun ji ana wanke wata bauta da cewa bayin kaɗan ne, ko ana ci a akushi ɗaya, sai mu tambaya wa ke da ikon sayar da wa, kuma ɗan wa aka bari ya yi karatu. Mu kuma da aka buɗe mana ƙofofin makarantar allo da Islamiyya da boko da wurin koyon sana'a, ba wanda ya tsayar da mu a waje, ya kamata mu tuna da wanda ya fara karatunsa da lamba 18 a jikin gangar gishiri. Allah Ya tsare mu da zalunci, Ya ba mu ilimi mai amfani.